Shekarar da Na Shafe Lissafin Mamanku da Farar Ƙasa

Ishaku, Hannatu, da kai Dauda autanmu, na san abin da kuke cewa a bayana tun ranar da na kori magina daga ɗan ɗakin nan na jikin madafi. Kun ce taurin kan soja ne ya motsa. Kun haɗa kuɗinku, kowa daga inda yake neman abinci, kuna so ku rushe tsohon madafi da ɗakin kayan mamanku ku gina mini kicin na zamani mai tayil da famfo, ni kuwa na fito da sanda na ce ba mai taɓa mini bango. Na gode da niyyarku, Allah ya yi muku albarka. Amma bakina ba zai iya faɗin dalilin a waya ba, shi ya sa na zauna na rubuta, tunda dai rubutu ne kaɗai abin da aka taɓa yabona a kansa a garin nan. Kuma wannan yabon ne nake so in gyara kafin in bi mamanku.

Kun tashi kuna jin labari ɗaya a coci da tasha da cikin dangi: wai Saja Bitrus ya dawo daga soja ya koya wa matarsa Rifkatu lissafi, ya rubuta mata littafin da ya ceci rumfarta daga hannun masu haraji. Ni ma na sha jin labarin har na kusa yarda da shi. Ba haka aka yi ba.

Shekara ashirin da bakwai na yi a soja, mafi yawansu a sito. Ban yi suna da harbi ba, amma ku tambayi duk wanda ya yi aiki da ni, ko bargo ɗaya bai taɓa ɓacewa a hannuna ban san wanda ya ɗauka ba. Takalma, kwanon cin abinci, fitila, igiyar tanti, komai da layinsa da ranarsa da sa hannun mai karɓa. Wannan aikin ya sa mini wani irin girman kai. Na ɗauka duk abin da ba a rubuta da biro a takarda mai layi ba, to babu shi a duniya. Mamanku kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa, babban yatsa take dangwalawa. Tun da Ishaku ya shiga firamare ta daina bina bariki-bariki, ta zauna nan Zuru, saboda mahaifiyata ta tsufa, ga gona, ga ku. Rumfar nan ta bakin tasha, inda motocin Bena da na Sakaba ke lodi, ta mahaifiyata ce, ita ta sakar wa mamanku da ƙafarta ta fara gazawa. Ginshiƙi huɗu ne da kwanon rufi shida, amma rabin kuɗin makarantarku daga ƙarƙashinta ya fito, a wasu shekarun ma ba rabi ba ne, duka ne.

Sana'arta ba ta tsayawa wuri ɗaya, shekara take bi. In ruwa ya zauna masara ta nuna, gasasshiyar masara ce a kan raga, mafici a hannu, hayaƙi a ido. Kafin masara ta ƙare dafaffiyar gyaɗa ta shigo. Bayan kaka sai dankali da rogo da yajin ƙuli. In zafi ya taso, kunun zaƙi da zoɓo a randa, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Tsakanin waɗannan akwai watannin da rumfar ke zama wayam sai awaki, don lokacin shuka da noman farko tana gona, lokacin yankan dawa ma tana gona. Ranar Lahadi kuwa ko ninki za a ba ta ba ta hura wuta. Duk wannan ban san shi da kyau ba a lokacin. Abin da na sani kawai, matata na sayar da abinci a tasha, kuma in na zo hutu akwai nama a miya.

Na dawo gida gaba ɗaya ana tsakiyar dafaffiyar gyaɗa, da akwatin ƙarfe, da kuɗin sallama, da wani ƙaton littafin lissafi mai jan baya da na sayo mata tsaraba. Ku dubi hankali. Mace ta yi shekaru tana jiran miji, ya kawo mata littafi. Na zaunar da ita a tsakar gida na buɗe shi, na nuna mata layin shiga da layin fita, na yi mata lacca kamar ina gaban sababbin kurata.

"Maman Ishaku, daga yau kasuwancin nan zai shiga tsari. Ba a yin sana'a da ka."

Ta juya littafin, ta shafa takardar, har da shinshinawa.

"Takardar tana da kauri, Saja," in ji ta. "Za ta riƙe masara mai zafi ba ta yage ba."

Na ɓata rai, ta yi dariya har da riƙe ciki, littafin ya koma akwati.

Sai Kirsimeti ta gabato, ta farko da zan yi a gidana ba tare da takardar hutu a aljihu ba. Na sauya kwanon rufi, na yi daɓen siminti a tsakar gida, na sayi wani babur da ya fi kwana wurin makaniki a kan gida. Da ragowar kuɗin na sayi farar ƙasa. A satin ne mamanku ta tafi Rikoto kwana uku, ƙanwarta ta haihu. Na ce to, bari ta dawo ta tarar da gida kamar ofishin kwamanda. Na shafe ɗakuna, na shafe katanga, har gindin mangwaro sai da na sa masa farin wando irin na bariki. Da na shiga ɗakin kayanta, inda take ajiye farantai da buhunan gawayi da randuna, sai na ga bango uku cike da baƙin zane, layi-layi tun daga ƙugu har inda hannu ke kaiwa. Ku ma kun sha ganinsa kuna yara, ba ku taɓa tambaya ba, ita kuma ba ta taɓa faɗa ba. Ni na ce a raina, ka ga aikin yara, an bar su sun ɓata ɗaki shekara da shekaru ba mai tsawatawa. Na fitar da kayan, na yi wa bangon shafe biyu don kada baƙin ya fito. Har waƙa nake yi.

Ta dawo ta tsaya a ƙofar gida tana tafa hannu tana yabon gindin mangwaro. Na ja ta ɗaki-ɗaki ina nunawa. Da muka zo ɗakin kaya na tura ƙofa na matsa gefe don ta gani da kyau. Ta tsaya. Ta ɗora tafin hannu a bangon, ta ɗaga, ta dubi farin da ya manne mata.

"Ya yi kyau, Baban Ishaku. Sannu da aiki."

Ya kamata in gane tun nan, don Saja take ce mini in ranta fari ne, Baban Ishaku kuwa sai magana ta yi nauyi. Ranar ba ta ci tuwo ba. Ni da wautata na ɗauka murna ce ta cika mata ciki.

Aka yi Kirsimeti, kuka zo hutu kuka koma makarantunku. Zafi ya fara, ta fara kunu. Sai ga takarda daga masu haraji. An fito da sabon tsari: duk mai rumfa a bakin tasha za a lissafa shi kamar mai shago, wata goma sha biyu cur, kuma wanda bai nuna shaidar ya biya tikitin kullum na shekara biyar da suka wuce ba, zai biya su duka a dunƙule. Wanda ya kawo shaida cewa sana'arsa ta lokaci ce kuma yana biya, za a yanka masa daidai kwanakinsa. Wanda ya kasa wannan ya kasa wancan cikin sati biyu, rumfa ta bar hannunsa, akwai masu jira. Kuɗin da aka rubuta wa mamanku ya kai na saniya biyu. Kuɗin sallamata kuwa sun riga sun zama kwano da siminti da babur.

Wanda ya kawo takardar Malam Garba ne, mutumin wajen Argungu, dogo mai sanyin magana. Shi ne ya yi shekaru yana yanka wa matan tasha tikiti kafin a ɗaga shi zuwa tebur. Mamanku ta ba shi kunu, ya sha, ya ajiye kofin a hankali.

"Maman Ishaku, ni na san ki, ba ki taɓa yi min ɓoyo ba. Amma sanina ba ya shiga hwayil. Manya na sama, takarda suka so. In kunka kawo abin da za a duba, ni da kaina ni ka sa hannu."

Bayan ya tafi, kada in ɓoye muku, wani daɗi na ji a ƙasan damuwar, don ga ranar da nake jira ta zo. Na ɗauko littafi mai jan baya, na gyara zama, na cire murfin biro.

"Kawo tikitocin duka, mu jera su wata-wata."

"Wane tikiti?"

"Wanda kike biya kullum mana."

"Saja, da me kake tsammani matan tasha ke hura gawayi da safe?"

Nan na miƙe tsaye. Abin da na faɗa mata ranar ba zan maimaita shi duka ba, kunya ba za ta bar ni ba. Na ce ai na faɗa tun farko. Na ce jahilci ne ke cin mutanenmu. Na ce rumfar uwata za ta tafi saboda mace ta ƙi jin maganar wanda ya san aiki. Ta bar ni na ƙare. Gasara take tacewa, ko kai ba ta ɗaga ba. Da na yi shiru sai ta wanke hannu ta goge da gefen zane.

"Baban Ishaku, lissafina na shekara takwas yana nan, ko kwana ɗaya bai ɓace ba. Kai ka shafe shi da farar ƙasa."

An taɓa harba bindiga kusa da kunnena bisa kuskure, ban ji abin da na ji a wannan lokacin ba. Na nemi turmi na zauna. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa tun ranar. Ta ce me za ta faɗa? Mutum ya yini yana aiki da waƙa a bakinsa, karo na farko da ya yi wa gidansa ado da hannunsa. Ta ga in ta yi magana Kirsimetin ta lalace, kuma ba ta san wani zai zo tambaya ba. Sai ta ɗebo ruwa a moɗa ta ce in biyo ta.

A ɗakin kaya ta watsa wa bangon. Farin ya jiƙe ya koma ruwan toka, sai ga baƙaƙen layukan nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashinsa. Ashe gawayin da take zanen da shi tsoma shi take yi a man gyaɗa don kada ya goge. Man ya kama siminti, farar ƙasa rufe shi kawai ta yi, ba ta cinye shi ba. Ta gano haka tun sati uku kafin zuwan takardar, ranar da ruwan wankin randa ya fantsama. Muna tsaye muna kallo bangon ya shanye ruwan, ya bushe, layukan suka koma ciki.

"Ka ga dai ba ya jira," ta ce. "Ni zan watsa in karanta, kai ka rubuta. In hannunka na sito bai mutu ba."

Bari in gaya muku yadda take yi, don ku san irin kan da ya raine ku. Kowace shekara da layinta a kwance, kamar kunya a gona. Duk ranar da ta hura wuta ko ta fitar da randa, sanda ɗaya a tsaye. In ta biya tikiti sai ta ɗora wa sandar ɗan zagaye a ka. Masara sandarta na da reshe biyu, gyaɗa ɗigo ɗaya a gefe, dankali da rogo ɗigo biyu, kunu kuwa ƙafa take yi masa a ƙasa. Lahadi gurbi ne mai faɗin babban yatsa. Watannin gona dogon layi ne da 'yan tsaga, kowace tsaga sati ɗaya. Kirsimeti da Ista gicciye. Ranar Asabar kuma, a ƙarƙashin satin, tana jera ƙananan zane na abin da ya rage mata bayan ta cire kuɗin masara da gawayi da sukari. Duk abin da na yi mata lacca a kai yana nan, har da abin da littafina bai tanada ba, wato lokacin da ba a ciniki. Abu ɗaya ne bangon ba shi da shi, kwanan wata. Nan ne kawai na yi rana. Ni mutum ne da ba ya zubar da takarda, akwatina cike yake da tsofaffin kalandun coci. Daga gicciye sai mu ƙirga Lahadi, mu sami wata, mu sami rana.

Kwana tara muka yi. Da safe ta tafi tasha da kunu, da azahar ta dawo mu shiga ɗakin, ita da bokiti da moɗa, ni da littafi a gwiwa ina zaune kan buhun gawayi. Tana ƙirgawa da yarenmu, da sauri, ni ina mayarwa lamba. In na tsaya gyara layi da rula sai ta ce, "Saja, bango na bushewa, ka bar ado." In na yi kuskure ta kama tun ban ɗaga biro ba, ita da ba ta karatu, motsin hannuna kawai take kallo. "Ka tsallake Lahadi." "Wannan gyaɗa ce ba dankali ba, ina idonka?" Ni kuwa sai in ce, "To, ranki ya daɗe." Kuma kowane layi da labarinsa. Nan ne ruwa ya yi kwana huɗu bai ɗauke ba. Nan ne Dauda ya faɗo daga mangwaro ya karye, kwana shida babu sanda. Nan masara ta yi tsada, Asabar uku a jere babu riba, kuma a watan ne aka biya kuɗin jarrabawar Hannatu. Da na tambaya da me aka biya, ta ce da akuya biyu, in ci gaba da rubutu. Nan ne mahaifiyata ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, sati uku wayam, ni ina Legas ana nema mini izini. A kwana taran nan na san gidana fiye da yadda na san shi a shekara ashirin da bakwai. Kuma na yi aiki ƙarƙashin kwamandoji da yawa, ban taɓa jin daɗin karɓar umarni kamar a ɗakin nan ba.

Ranar ƙarshe mun gama bango uku, bokiti da sauran ruwa. Na tashi in miƙe ƙafa, na tura ƙofar ta rufu, sai na ga ɗan bangon da ke bayanta, shi ma na shafe shi. Na ɗauki moɗa na watsa kafin ta yi magana. Nan ba sanduna ba ne, ɗigo ne ƙanana da aka danna da kan yatsa, a jere goma-goma.

"Wannan fa, na mene ne?"

"Ba na haraji ba ne. Bar shi."

"Bashi ne? Wa ke binki?"

"Na ce ka bar shi, Saja."

Ta ajiye bokitin ta fita. To, mutumin sito ba ya ganin abu a jere ya wuce bai ƙirga ba. Na sake watsa ruwa na ƙirga. Ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, ko da yake tun a karon farko na gane wannan lambar. Tana cikin ɗan littafin aljihuna. Kwanakin da na yi ne lokacin da aka kai bataliyarmu ƙasar waje aikin kiyaye zaman lafiya, daga ranar da na yi mata sallama a tashar nan zuwa ranar da na sauka a cikinta. A watannin nan wasiƙa biyu kacal na aiko, kuma a watannin ne aka riƙa kawo wa wasu gidajen garin nan akwatin mazajensu babu mazajen. Ni na ɗauka ni kaɗai nake ƙirgawa. Ɗigon ƙarshe ta ɗora masa zagaye a ka, irin na ranar da ta biya tikiti.

Na tsaya har bangon ya bushe. Ban sa shi a littafi ba. Na fito na same ta tana wanke randa.

"Rifkatu."

Rabona da kiran sunanta tun kafin a haifi Ishaku. Ba ta juyo ba.

"Ka ƙirga ko? Na san ba za ka iya haƙuri ba. Zo ka riƙe mini randar nan."

Na je na riƙe.

Washegari na sa rigar coci, ita ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, muka hau babur, ya mutu a hanya, muka ƙarasa da ƙafa ina tura shi. Malam Garba ya sa aka fito da gindin tsofaffin tikiti ɗauri-ɗauri daga kabad, kowanne da kwanan wata da lambar rumfa. Ba wanda zai iya bin na shekara biyar rumfa-rumfa, amma in ka ce rana kaza, ana iya zarowa a duba. Ya buɗe littafinmu ya riƙa zaɓen ranaku nan da can, duk suka dace. Sai ya tsaya a wani shafi.

"Saja, mi yas sa nan kwana tara an yi ciniki babu biya, sannan rana guda an biya goma?"

Na duba shafin. Da hannuna na rubuta, amma ban san dalili ba. Sai mamanku ta yi magana daga bayana.

"Ba ka zo ba ne, ranka ya daɗe. Lokacin rasuwar Innarka ne, da ka tafi gida, Allah ya jiƙanta. Na riƙa ɗaure kuɗin kullum a bakin zane, da ka dawo na ba ka, ka yanka mini goma."

Malam Garba ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallon shafin.

"Amin," ya ce. "Wallahi hakanan anka yi."

Ya zaro ɗaurin watan, ga gindin tikiti goma a rana ɗaya da rubutun hannunsa. Ya sa hannu, ya buga hatimi. Aka yanka mata kwanakinta, babu abin da ake binta, rumfa tata. Har ya ɗaga littafin yana nuna wa abokan aikinsa.

"Wanga littahi, ko masu kanti ba su kawo irinai ba. Saja, soja ya yi maka rana. Ka koya ma iyali abin kirki."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Har na buɗe baki. Sai na ji ƙafar mamanku a kan takalmina.

"Ai shekara ashirin da bakwai ya yi yana rubutu, ranka ya daɗe," in ji ta.

Kun ga dai ita ba ƙarya ta yi ba. Ni ne na yi ƙaryar, da shiruna. A hanya, ina tura babur, na tambaye ta me ya sa ta taka ni.

"Kai da ka dawo gari ba ka da abin yi sai zaman gindin mangwaro da gyaran babur? Namiji na bukatar abin da za a gaishe shi da shi. Ni ina da rumfata."

Haka kuwa aka yi. Kafin sati ya zagayo matan tasha sun fara sallama a gidan nan da littattafan makaranta na 'ya'yansu, wai Saja ya buɗe musu lissafi. Na zama akawun masu masara da masu gyaɗa, har daga Bena ake zuwa. Abin da ba su sani ba, tsarin da nake zana musu, sanda da zagaye da gurbin ranar hutu, na mamanku ne na mayar takarda. Nawa a ciki ɗaya ne: na hana su hura wuta da tikiti, kowace ta nemi gwangwanin madara tana tarawa. In wata ta kawo abin da ya ɗaure mini kai, sai in ce bari in sha ruwa, in shiga madafi in tambayo, in fito ina gyara murya. Mamanku kuwa daga shekarar ba ta ƙara zane a bango ba. Kullum in ta dawo sai ta zauna kan tabarma ta miƙe ƙafa ta faɗa, ni in rubuta, ta haɗa mini da labarin wanda ya yi faɗa da kwandasta da wadda ta haihu. Shekara goma sha tara muna haka, kuma wannan zaman ya fi mini duk abin da ritaya ta ba ni.

Sau da yawa na yi niyyar faɗin gaskiya, a coci, a bikin Hannatu, a gaban matan nan. In na taɓo maganar sai ta ce, "Bari, wa ya tambaye ka?" Ni kuwa na sami wurin fakewa, don gaskiya ina jin daɗin gaisuwar. Ranar jana'izarta, shekara biyu ke nan, kun ji da kunnenku mai wa'azi ya ce Allah ya ba Mama Rifkatu miji mai ilimi, wanda ya fitar da ita daga duhu ya koya mata lissafi. Kuna gefena, kun ga ina kuka, kun ɗauka na rashi ne kawai. Rannan babu ƙafar da ta taka ni. Ni da kaina na yi shiru, kuma wannan shirun ya fi na farko nauyi, shi nake ɗauke da shi har yau.

Littafi mai jan baya yana cikin akwatin ƙarfe, Ishaku, naka ne. Duk abin da ke bango uku yana ciki. In kun matsa ku rushe su, ku rushe madafin, ku sa tayil ɗinku, ba zan ƙara fitowa da sanda ba. Amma ɗan bangon bayan ƙofa ba a rubuta shi a ko'ina ba. Shi kam ku bar shi tsaye, ko da a tsakiyar sabon kicin ne zai tsaya mutane su yi ta tambaya. In sun tambaya ku gaya musu, kuma ku fara da wanda ya koya wa wani lissafi a gidan nan.

In za ku zo Kirsimeti ku taho da yaranku, kada ku taho da mai fenti. Bokiti ɗaya da moɗa sun isa. Hannatu ta watsa, tunda hannunta irin na mamanta ne, ku kuma ku ƙirga da sauri don ba ya jira. Ni nakan shiga da azahar in watsa in duba. Ɗari huɗu da goma sha ɗaya ne har yanzu, ko ɗaya bai ɓace ba.